Yadda za ka duba gurabe da yawa na objek a gwaji ɗaya, ba sai ka yi ta gyara ɗaya kana gano ɗaya ba

Duk wanda ya ɗan daɗe yana rubuta ƙananan gwaje-gwaje na kod ya san wannan wahalar: ka kunna gwaji ya yi ja, ka gyara, ka sake kunnawa sai layin ƙasa ya yi ja, ka gyara shi ma, ka sake kunnawa sai na uku ya ce ai shi ma yana nan. Idan firojek ɗin babba ne kuma kwamfutar taka irin tawa ce mai nishi, kowane zagaye minti biyu zuwa uku ne, kafin ka ankara ka ƙone rabin awa a kan abin da ya kamata ka gani gaba ɗaya tun karon farko. Dalilin ba wani boyayyen abu ba ne, assertEquals da 'yan uwansa da zarar sun ga saɓani sai su jefa eksepshin, metod ɗin gwajin ya tsaya cak a nan, duk layukan da ke ƙasa babu wanda ya leƙa su.

To yau dai zan bi da ku hanyoyin da nake bi, da Java zan yi misali saboda can ne kayan aikin suka fi yawa, daga baya in ɗan taɓo Python da JavaScript.

Misalin da za mu yi aiki da shi

Wani ɗan aiki na taɓa yi wa mai shagon kayan waya, manhajar tana yanka rasit idan an yi ciniki. Rasit ɗin kamar haka yake, kowane layi a cikinsa gurbi ne guda:

```java
public record Rasit(
    String lamba,
    String maiSaye,
    int adadi,
    long harajiKobo,
    long jimlaKobo,
    Instant lokaci
) {}
```

Ka lura kuɗin a kobo na ajiye, kuma long ne ba double ba. Wannan ba gwaninta ba ce, gudun rigima ne, don a kwamfuta 0.1 + 0.2 yana ba da 0.30000000000000004, kuma ba ka son kwastoma ya zo yana jayayya a kan kobo ɗaya. Cinikin da za mu gwada shi ne caja uku, kowace naira 4,000. Kuɗin kaya naira 12,000 ke nan, harajin VAT kashi 7.5 ya zama naira 900, jimla naira 12,900.

Ga yadda yawancinmu muke fara rubutawa:

```java
Rasit r = shago.yankaRasit(oda);
assertEquals("K-14", r.maiSaye());
assertEquals(3, r.adadi());
assertEquals(1_290_000L, r.jimlaKobo());
assertEquals(90_000L, r.harajiKobo());
```

Na kunna, ya yi ja a layin jimla, wai ana tsammanin 1290000 amma an samu 1260000. Shi ke nan abin da ya gaya min. Sai na tafi bincike a wajen farashi, na duba ko ragi ne ya shiga, na duba ko ninkawa ce ta karkace, na yi ta zagaye kamar wanda ya ɓatar da makulli a kasuwa. Ashe a wani fayil na saituna harajin yana nan a kashi 5, tsohon adadin da ake amfani da shi a Najeriya kafin a mayar da shi 7.5 a watan Fabrairun 2020, wani tsohon kod na kwafo ban duba ba. Da gwajin ya nuna min layin haraji tare da na jimla, da na ga 60000 a inda ya kamata a ga 90000, kuma da kallo ɗaya zan gane kashi 5 ne. Amsar tana layi na huɗu, gwajin ya mutu a na uku.

Mataki na farko: assertAll

JUnit 5, kayan rubuta gwaji na Java wanda ya fito a 2017, ya zo da maganin wannan a cikin gida ba sai ka ɗauko wata laburare ba:

```java
assertNotNull(r);
assertAll("rasit",
    () -> assertEquals("K-14", r.maiSaye(), "mai saye"),
    () -> assertEquals(3, r.adadi(), "adadi"),
    () -> assertEquals(1_290_000L, r.jimlaKobo(), "jimla"),
    () -> assertEquals(90_000L, r.harajiKobo(), "haraji")
);
```

Kowane layi an naɗe shi a lamda, wato wannan () -> da ke gabansa, shi ya sa ba ya gudana sai assertAll ya kira shi da kansa, ya kama duk abin da ya jefa ya ajiye gefe, ya wuce na gaba. A ƙarshe sai ya tattara su ya jefa MultipleFailuresError guda ɗaya, ka ga an rubuta "rasit (2 failures)" sannan a ƙasa jimla da haraji kowa da abin da aka yi tsammani da abin da aka samu.

Abubuwa uku ka kiyaye a nan. Na ɗaya, wancan assertNotNull da na sa a waje da gangan ne, don idan r ɗin babu komai a cikinsa kuma ka jefa komai cikin assertAll, za ka samu NullPointerException har guda huɗu suna ta ihu a kan matsala ɗaya, rahoton ya cika da hayaniya. Duk abin da sauran suka dogara a kansa, a fara duba shi a waje, idan ya faɗi a tsaya nan. Haka ma jeri, ka fara tabbatar da tsawonsa kafin ka ce a ba ka na biyu a ciki. Na biyu, ka sa wa kowane layi suna a ƙarshe kamar yadda na yi, in ba haka ba za ka ga "expected 3 but was 2" ka rasa ukun me ake nufi. Waɗanda suka taso da JUnit 4 su lura, a can saƙon ne a farko, a JUnit 5 ya koma ƙarshe. Na uku kuma lamda ba ta yarda da bariyabul da ake sake wa ƙima, idan ka sake cusa wani abu cikin r a ƙasa kompaila zai ƙi.

Mataki na biyu: ka gina rasit ɗin da kake tsammani, ka gwama su gaba ɗaya

Gaskiya assertAll ya magance tsayawa a hanya amma akwai ramin da bai cike ba. Gobe wani ya ƙara gurbi a Rasit, a ce ragiKobo, gwajinka zai ci gaba da yin kore hankali kwance alhali babu wanda ya taɓa duba sabon gurbin. Gwajin yana duba abin da ka tuna ne kawai, abin da ka manta kuwa ya sha.

Shi ya sa ni na fi son wannan hanyar idan ta samu: ka rubuta cikakken objek ɗin da kake so a samu, ka ce su zama ɗaya.

```java
Rasit tsammani = new Rasit("R-001", "K-14", 3,
    90_000L, 1_290_000L,
    Instant.parse("2024-03-01T09:00:00Z"));
assertEquals(tsammani, r);
```

Da yake Rasit record ne, wanda ya zauna daram a Java 16, shi da kansa yake samar da equals da ke gwama dukkan gurabe, da toString mai karantuwa. Ranar da aka ƙara gurbi kuwa wannan layin ba zai ma kompayil ba sai ka zo ka faɗi abin da kake tsammani a ciki, wato kod ɗin ne da kansa zai kamo ka.

Amma fa a nan ne tarkon da ya fi kowanne cin mutane yake, don haka bari in ɗan zauna a kansa. assertEquals ba ya duba gurabe, equals na kilas ɗin yake tambaya, abin da equals ya ce shi ke nan. Idan kilas ne na gargajiya da ba a rubuta masa equals ba, Java za ta duba ko objek ɗaya ne tak a ma'ajiya, sai gwajin ya faɗi ko da komai daidai ne, ka ga saƙo mai ban haushi irin Rasit@1b2c6ec2 da Rasit@4edde6e5. Wannan da sauƙi, tunda ya yi ja za ka gani. Mai haɗarin shi ne kishiyarsa: kilas ɗin da ake ajiyewa a rumbun bayanai sau da yawa equals ɗinsa id kaɗai yake dubawa, to rasit biyu masu id ɗaya "daidai" suke a wajensa ko da ɗaya ya ce naira 12,900 ɗaya ya ce naira biyar. Gwajin zai yi kore, kai kana murna, ba abin da ya duba. Kafin ka dogara da wannan hanya ka buɗe kilas ɗin ka karanta equals da idonka, idan Lombok, laburaren da ke rubuta maka irin waɗannan metod, ne ya samar ka duba ko an taƙaita shi a kan wasu gurabe.

Kuma don Allah kada ka je ka sauya equals na kod ɗin aiki saboda gwaji ya ji daɗi. HashMap da HashSet da shi suke aiki, za ka gyara ɗaki ka rushe zaure.

Mataki na uku: gurabe masu sauyawa, lamba da lokaci

Za ka ce to malam, lambar rasit ai kowane karo sabuwa ce, lokaci ma haka, ta yaya zan rubuta su tun kafin a yi? Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce ka daina barin kod ɗin yana kiran Instant.now() kai tsaye. Ka ba shagon agogo daga waje, java.time.Clock, a wajen aiki ka ba shi na gaske, a gwaji ka ba shi wanda aka daskarar:

```java
Clock agogo = Clock.fixed(
    Instant.parse("2024-03-01T09:00:00Z"), ZoneOffset.UTC);
Shago shago = new Shago(agogo, () -> "R-001");
```

Yanzu lokaci ya zama abin da za ka iya dubawa kamar kowane gurbi, lamba ma haka tunda ita ma daga waje aka ba shagon. Wannan ita ce mai tsafta, kuma tana kama wani kwaro da ke yawan ɓuya, don agogonmu na Najeriya da Nijar yana gaban UTC da awa ɗaya, cinikin ƙarfe sha biyu da rabi na dare yana iya faɗawa lissafin jiya idan ba a kula ba.

Ta biyu, idan kod ɗin ba naka ba ne ko ba ka da halin taɓa shi, sai ka ɗauko AssertJ, wata laburare ta dubawa a gwajin Java:

```java
assertThat(r)
    .usingRecursiveComparison()
    .ignoringFields("lamba", "lokaci")
    .isEqualTo(tsammani);
```

Wannan ita ce wadda na fi amfani da ita a zahiri. Ba ta jiran equals na kilas ɗinka, da kanta take bin gurabe ɗaya bayan ɗaya, idan akwai objek a cikin objek ta shiga ciki, idan rasit yana da jerin kaya ta bi su, sannan ta kawo maka duk bambancin da ta gani kowanne da sunan gurbinsa. Matsalar equals mai duba id kaɗai ta kau ke nan, matsalar tsayawa a kuskuren farko ma ta kau.

Akwai comparingOnlyFields wanda ke yin akasin haka, ka lissafa waɗanda za a duba a bar saura. Ni ba na son sa sai dole, don ya dawo da mu gidan jiya, sabon gurbi zai shigo ba wanda ya tare shi. Gara ka faɗi abin da za a tsallake, komai da ya rage a duba. Sai dai kada tsallakewar ta zama mantuwa, ka ƙara layi ɗaya a ƙasa ka tabbatar lambar ba fanko ba ce, kamar assertThat(r.lamba()).startsWith("R-").

Idan kuɗinka a BigDecimal yake, ga wani ƙaramin ciwon kai: a wajen equals na BigDecimal, 2.0 da 2.00 ba ɗaya ba ne, saboda yana kallon yawan lambobin bayan ɗigo. Za ka ga gwaji ya faɗi yana nuna maka 900.0 da 900.00 ka yi ta murza ido. Maganin shi ne ka ƙara withComparatorForType(BigDecimal::compareTo, BigDecimal.class) a jerin. Idan kuma jerin kaya ne da tsarinsu bai dame ka ba, ignoringCollectionOrder() na nan.

Mataki na huɗu: idan kowane gurbi da irin dokarsa

Wani lokacin ba daidaito kake nema ba. Kana so jimla ta wuce sifili, lamba ta fara da wani harafi, lokaci kada ya wuce yanzu. A nan gwama objek biyu ba zai yi ba, sai dubawa mai sassauci ta AssertJ:

```java
SoftAssertions.assertSoftly(s -> {
    s.assertThat(r.lamba()).startsWith("R-");
    s.assertThat(r.adadi()).isBetween(1, 100);
    s.assertThat(r.jimlaKobo()).isGreaterThan(r.harajiKobo());
});
```

Ka yi amfani da assertSoftly ɗin nan kamar yadda na rubuta. Akwai ɗaya salon da za ka ƙirƙiri new SoftAssertions() da hannu sannan ka kira assertAll() a ƙarshe, kuma wallahi ranar da ka manta wannan layin na ƙarshe gwajin zai tattara kurakurai ya riƙe a cikinsa ya yi kore abinsa. Na taɓa samun irin wannan a kod da na gada, gwaji ya yi watanni yana wucewa ba ya duba komai. Haka kuma a cikin bulok ɗin ka tabbata s.assertThat kake rubutawa, idan hannu ya zame ka rubuta assertThat zalla, wannan layin zai koma mai tsayawa nan take.

Akwai kuma extracting, gajere ne yana da daɗi idan gurabe biyu ko uku kawai kake so:

```java
assertThat(r)
    .extracting(Rasit::maiSaye, Rasit::adadi, Rasit::harajiKobo)
    .containsExactly("K-14", 3, 90_000L);
```

Kada ka manta L ɗin nan a ƙarshen 90_000L, in ka bar shi Integer zai zama, gurbin kuma Long ne, sai a ce maka 90000 ba 90000 ba ne. Idan gurabe sun wuce huɗu ka bar extracting, mai karatu zai koma ƙirga waƙafi yana neman wace ƙima ce ta wane gurbi. Hamcrest, wani kayan dubawa na Java, shi ma yana da allOf da hasProperty, za ka gan su a tsofaffin firojek, amma sunan gurbi a rubutu zalla ake ba shi, ranar da aka sauya suna kompaila ba zai ce uffan ba.

Python da JavaScript a gurguje

A Python abin ya fi sauƙi. Idan dataclass ne, wanda ya shigo a Python 3.7, yana gwama dukkan gurabe da kansa, pytest kuma, kayan gwaji na Python, idan gwaji ya faɗi zai ware maka waɗanda suka bambanta, ka ƙara -vv ka ga komai dalla-dalla. Gurabe masu sauyawa sai ka toshe su da ANY:

```python
from unittest.mock import ANY

assert r == Rasit(lamba=ANY, mai_saye="K-14", adadi=3,
                  haraji_kobo=90_000, jimla_kobo=1_290_000,
                  lokaci=ANY)
```

ANY yana amsa "eh" ga duk abin da aka gwama shi da shi, har da None, to ka san da wannan. Lamba mai ɗigo kuma pytest.approx. Masu unittest suna da subTest tun Python 3.4, kowane bulok ya faɗi a rubuta shi a ci gaba.

A Jest na JavaScript kuwa uku ne suke rikita mutane. toEqual yana bin objek har ciki amma yana kau da kai daga gurbin da ƙimarsa undefined ce, toStrictEqual ba ya ɗaga ƙafa, har nau'in objek ɗin yana dubawa. toMatchObject kuma abin da ka lissafa kawai yake dubawa, duk ƙarin da ke jikin objek ɗin ba ruwansa. Yana da daɗin rubutu amma ka yi tunanin amsar da sabar ke mayar wa manhaja, idan wata rana kalmar sirrin mai amfani ta biyo cikin amsar bisa kuskure, toMatchObject zai yi kore. A irin wannan wuri ni toStrictEqual nake sawa, in toshe masu sauyawa da expect.any(String). Vitest da Playwright suna da expect.soft idan salon sassauci kake so.

Maganar "dubawa ɗaya a gwaji ɗaya"

Za ka ji wasu suna cewa kowane gwaji layin dubawa ɗaya tak ya kamata ya samu. Na ga wanda ya bi wannan har ya rubuta metod shida a kan rasit ɗaya, kowanne ya sake gina oda ya sake yanka rasit don ya duba gurbi guda. Ni a fahimtata hali ɗaya ake nufi, ba layi ɗaya ba. "An sayi caja uku, rasit ya fito daidai" hali ɗaya ne ko gurabensa goma ne. Inda za ka raba shi ne idan labarin ya sauya, oda mai ragi gwajinta daban, oda marar kaya da ya kamata a ƙi karɓa gwajinta daban. Kada ka ga assertAll ya ba ka dama ka cusa ciniki uku a metod ɗaya.

Idan ka ga kana maimaita dubawa iri ɗaya a gwaji biyar ko shida, ka cire ta ka yi mata ɗan metod, a ce tabbatarRasit(r, tsammani), jerin guraben da ake tsallakewa ya zauna wuri ɗaya. Sai dai abu ɗaya da ba a yi: kada ka lissafa abin da kake tsammani da kod ɗin da kake gwadawa. Idan ka rubuta shago.lissafaHaraji(kuɗi) a ɓangaren tsammani, to kashi 5 ɗin nan da ya wahalar da ni zai fito a hagu ya fito a dama, su yi daidai, gwaji ya wuce. Ka ɗauki kalkuleta ka buga 12,000 sau 0.075, ka samu naira 900, ka mayar kobo ka rubuta 90_000L da hannunka.

Mataki na ƙarshe: ka ɓata kod ɗin da gangan

Gwajin da ba ka taɓa ganin ya yi ja ba, ba ka san ko yana aiki ba, musamman waɗannan masu tattara kurakurai da muka ga yadda suke iya yin shiru. Da zarar ya yi kore, ka koma kod ɗin aiki ka mayar da haraji kashi 5, ka kuma sa adadi ya ƙaru da ɗaya, ka kunna. Abin da kake so ka gani shi ne gwaji ɗaya ya faɗi, rahoton ya kawo adadi da haraji da jimla su uku a tare, kowanne da sunansa. Idan ɗaya kawai ya nuna, akwai layin da ya zame daga cikin bulok ɗin. Idan kore ya yi, je ka duba equals ko assertAll() da aka manta. A Java akwai PIT da ke yin wannan ɓarnar da kansa, ya sauya alamar tarawa zuwa ta ragewa ko ya juya sharaɗi ya ga ko gwaje-gwajenka za su kama, amma yana cin lokaci a babban firojek, ni a kan fakej ɗin lissafin kuɗi kawai nake sakin sa. Idan ka gama ka mayar da 7.5 ɗin da adadin wurinsu kafin ka tura kod, git diff zai nuna maka idan ka manta.